Tafintan Dare

Sha ɗayan dare. An ɗauke wuta a Kabuga,
janareta ya yi tari biyu, ya kama.
Ni kaɗai a ɗakin na'ura,
da fanka mai ciwon wuya,
da shayin da ya huce tun lisha,
da saƙo arba'in da bakwai da suka ƙi tafiya.

Na'urar hagu tsohuwar 'yar birni ce,
ba ta san lamba ba, kwatance ta iya:
miƙa wa wane, wane ya ba wane, shi ya san wane.
Tsakanin suna da suna sai ta kafa alamar motsin rai
kamar turke.
Haka kakata take aike:
shiga ta Ƙofar Mata, ka bar marina a bayanka,
gidan da akuya ke kwana kan dakali,
ka ce Barira ake nema.
Ranar da aka yanka akuyar, an sha yawo.

Ta dama kuwa 'yar boko ce, da taƙama.
Suna a gaba,
sai harafin a da ya naɗe kansa kamar gammo,
sai gida, unguwa, ƙasa, ɗigo bayan ɗigo.
Ta ce: faɗa min inda yake,
kada ka koya min tafiya.

Akwai ta uku da hukuma ta sayo da tsada,
sai an cika mata fom, har sunan uba,
kowane layi da sandarsa a karkace.
Bar ta. Yau ba ta tashi ba ma.

Ba sa ga maciji da juna.
Ni ne dillalin da ba a ba shi la'ada.

Ga na Malam Tanimu na sashen ilimin ƙasa,
zuwa ga ƙaninsa Kamilu a bayan teku.
Ya haɗa turke da gammo a layi ɗaya.
Ta hagu ta fara daga hagu, irin karatun boko,
ta dama ta ɗauko daga dama kamar mai ajami,
kowacce ta ce: ba nawa ba ne, na waccan ne.
Sau goma sha bakwai ya je ya dawo.
Hatimi kan hatimi,
goshin wasiƙar ya fi cikinta tsawo.

Ba na karanta cikin saƙon mutane,
ambulan ne nawa, nan na tsaya.
Amma kanun yana waje, ido ba shi da ƙyaure:
An sauka lafiya. Mace. Ka zaɓo suna.
Na duba kwanan wata.
Kwana huɗu ke nan yana zaga ɗakin nan
kamar jakin da aka ɗaure wa ido.

Na tumɓuke turke ɗaya,
na dasa alamar kashi cikin ɗari a gurbinsa,
ƙaramar ƙarya ce da duka biyun suka yarda da ita.
Na juya suna baya, na kawo gida gaba.
Ƙarfe biyu, lokacin da kuɗin waya ke sauka,
modem ya yi ƙara kamar ana wasa wuƙa,
layi ya yanke, na sake,
ya yanke, na yi salati, na sake.

Ya wuce.

Sauran arba'in da shida suka bi shi
kamar tumaki sun ga an buɗe ƙofa.

Gab da kiran assalatu amsa ta iso,
ita ma da adireshi a birkice, ƙafa a sama.
Na miƙe mata wuya, na sa ta a akwatin Malam.
Kanun kalma ɗaya ne: Sakina.

Ranar suna ba wanda zai aiko min da goro.
A goshin wasiƙar sunan na'ura kawai ya fito.
Na kashe fanka, na ja kekena zuwa Gwammaja,
inda gidanmu har yau ba shi da lamba.
Mai nemana sai ya tsaya wurin Ubale mai shayi,
Ubale ya tura shi wurin tela,
tela ya leƙo ta taga
ya nuna da almakashi.